Dixie Dean (1907–1980): Rayuwar Ɗan Wasan da Ya Ci Ƙwallo 60 a Kaka Guda

1.0 Gabatarwa

A ranar Asabar, 5 ga watan Mayu na shekarar 1928, wani saurayi ɗan shekara 21 ya shiga filin wasa na Goodison Park da ke birnin Liverpool a ƙasar Ingila, da rauni a cinyarsa, yana neman ƙwallo uku. Ƙungiyarsa, wato Everton, ta riga ta lashe gasar wannan shekara tun kafin a take wasan, don haka dubban mutanen da suka cika filin sun zo ne su ga ko saurayin zai cika ƙwallo 60 a kakar wasa guda. Ya cika, ana saura kimanin minti takwas a tashi. Tun daga wannan rana har zuwa yau, babu wanda ya sake cin wannan adadi a babbar gasar Ingila.

Sunan saurayin William Ralph Dean, amma duniya ta san shi da Dixie Dean. Wannan maƙala ta bi rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa rasuwa, domin fito da abubuwa biyu da ke ɗaure da juna. Na farko shi ne yadda baiwar mutum ta haɗu da wani sauyi a dokar wasa, har aka sami bajintar da ta gagari na baya. Na biyu kuwa shi ne matsayin ɗan wasa a Ingilar wancan zamani, inda jama'a ke ɗaukarsa gwarzo, dokar aiki kuma ta ɗauke shi lebura mai ƙayyadajjen albashi, wanda ake sallama da zarar ƙarfinsa ya fara ja baya.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Dean a ranar 22 ga Janairu, 1907, a titin Laird da ke garin Birkenhead. Garin yana bakin kogin Mersey, yana fuskantar Liverpool daga ɗaya gaɓar, kuma a lokacin rayuwar mutanensa ta dogara ne kan tashar jiragen ruwa, da masana'antar ƙera jirage ta Cammell Laird, da kuma aikin jirgin ƙasa. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma mai goyon bayan Everton. Shi ne ya tsallaka kogi da yaron ya kai shi Goodison Park a kakar wasa ta 1914/15, shekarar da Everton ta lashe gasa. Daga wannan kallo guda yaron ya ƙudurta a ransa cewa wannan ƙungiya zai yi wa wasa.

Ƙuruciyarsa ta faɗo cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da maza suka tafi fagen fama, yara kuma suka gaji ayyukan manya. Dean ya yi aikin rarraba madara gida-gida tun da asuba kafin ya tafi makaranta. Karatu bai dame shi ba kamar ƙwallo. Har ma ya nemi a mayar da shi makarantar Albert da ke Birkenhead, wadda asali ta horon kangararrun yara ce, saboda kawai tana da fili da ƙungiyar ƙwallo mai kyau. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta, ya shiga koyon makanikanci a kamfanin jirgin ƙasa na Wirral. Ya zaɓi aikin dare domin rana ta zama tasa, ya buga ƙwallo yadda yake so.

Daga wata ƙaramar ƙungiya mai suna Pensby United ne Tranmere Rovers, ƙungiyar garinsu da ke rukuni na uku na arewa, ta ɗauke shi a 1923, yana ɗan shekara 16. A nan ne laƙabin Dixie ya bi shi. Wasu sun danganta laƙabin da duhun fatarsa da nannaɗen gashinsa, wai ya yi kama da mutanen kudancin Amurka, yankin da ake kira da wannan suna. Wasu kuma sun ce wani laƙabinsa ne na ƙuruciya bakin 'yan kallo ya jirkita. Shi dai bai taɓa son sunan ba, ya fi so a kira shi Bill, kuma haka iyalinsa da abokansa suka riƙa kiransa har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙwallo 27 da ya ci wa Tranmere a wasa 30 na gasa sun jawo hankalin manyan ƙungiyoyi. A watan Maris na 1925 Everton ta saye shi a kan fam 3,000. Dean ya sa ran za a ba shi kashi ɗaya cikin goma na kuɗin, wato fam 300, amma fam 30 aka miƙa masa. Wannan ne karo na farko da ya ɗanɗana yadda cinikin 'yan wasa yake a zamaninsa: ƙungiyoyi biyu ne ke ciniki, shi kuwa haja ne.

3.0 Sauyin Dokar Satar Gida

Ba za a fahimci abin da Dean ya yi ba sai an dubi abin da ya faru da dokar wasa wata uku bayan zuwansa Everton. Kafin 1925, dokar satar gida ta tanadi cewa a lokacin da aka turo wa ɗan wasa ƙwallo, dole ne a sami abokan hamayya uku tsakaninsa da layin gida, har da mai tsaron raga. A wancan zamani ƙungiyoyi na tsayar da 'yan baya biyu ne kawai, da 'yan tsakiya uku, da 'yan gaba biyar. Saboda haka, idan ɗan baya guda ya matsa gaba a daidai lokacin da ya dace, sai ɗan wasan gaba ya faɗa tarko, ɗayan ɗan bayan kuma yana nan a matsayin kariya ko da dabarar ta ƙi. Bill McCracken na Newcastle United ya shahara da wannan dabara, sauran ƙungiyoyi suka kwaikwaya, har wasa ya zama busa bayan busa, ƙwallaye suka yi ƙaranci, 'yan kallo suka fara gundura.

A watan Yuni na 1925 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta rage adadin daga uku zuwa biyu. Sakamakon ya bayyana nan take. A kakar 1924/25 an ci ƙwallo 1,192 a rukuni na ɗaya, a kakar da ta biyo baya kuwa aka ci 1,703. Tarkon da a da yake da kariya ya zama kasada, domin idan ɗan baya ya yi kuskuren taku guda, ɗan gaba zai kasance daga shi sai mai tsaron raga. Ted Harper na Blackburn Rovers ya ci ƙwallo 43 a 1925/26. A shekarar da ta biyo, George Camsell na Middlesbrough ya ci 59 a rukuni na biyu.

Masu horarwa ba su zauna ba. Herbert Chapman na Arsenal ya janye ɗan tsakiya na tsakiya ya mayar da shi baya, ya zama na uku, aikinsa kawai tsare ɗan wasan gaba na abokan hamayya. Amma dabarar ta ɗauki shekaru kafin ta game ƙungiyoyi. A cikin wannan tazara, tsakanin faɗuwar tsohon tsari da kafuwar sabo, Dean ya kai ganiyar ƙarfinsa. A cikakkiyar kakarsa ta farko a Everton, wato 1925/26, ya ci ƙwallo 32.

4.0 Hatsarin Babur da Dawowa

A watan Yuni na 1926 saura ƙiris labarin ya ƙare tun bai yi nisa ba. Dean ya yi mummunan hatsarin babur kusa da garin Holywell a arewacin Wales, ƙoƙon kansa ya tsage, muƙamuƙinsa ya karye, ya kwana ya wuni bai san inda yake ba. Likitoci sun yi shakkar zai sake buga ƙwallo. Amma cikin wata huɗu ya dawo fili, kuma a wasansa na farko tare da ƙungiyar 'yan jiran gado ya ci ƙwallo da wannan kan da ya fashe.

Daga nan ne jita-jita ta bazu cewa likitoci sun bar masa farantin ƙarfe a cikin kai, wai shi ne sirrin ƙarfin bugunsa. Babu gaskiya a cikin zancen, amma yaɗuwarsa ta nuna irin mamakin da mutane ke yi. Tsayin Dean bai wuce ƙafa 5 da inci 10 ba, don haka akwai 'yan baya da yawa da suka fi shi tsawo. Fifikonsa yana ga sanin lokacin tashi, da ƙarfin wuya, da iya karkatar da ƙwallo zuwa kusurwar da ya nufa, ko sauke ta a gaban abokin wasa. Ƙwallon wancan zamani ta fata ce mai ɗinki da igiya, wadda ke shan ruwa ta yi nauyi idan an yi ruwan sama, filayen kuma kan zama taɓo tun daga tsakiyar hunturu. Sanya kai ga irin wannan ƙwallo aiki ne na mai ƙarfin hali, balle ga wanda bai daɗe da tashi daga jinyar fashewar kai ba.

A watan Fabrairu na 1927, wata takwas bayan hatsarin, ya buga wa Ingila wasansa na farko, da Wales a garin Wrexham, ya ci biyu aka tashi 3 da 3. A watan Afrilu ya ci biyu a filin Hampden da ke Glasgow, Ingila ta doke Sikotland da 2 da 1, nasararta ta farko a ƙasar tun 1904. A watan Mayu ya ci uku a ragar Beljiyam, ya sake cin uku a ragar Luksambag. A wasanninsa biyar na farko ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 12.

5.0 Kakar Wasa ta 1927/28

Everton ta sha da ƙyar a kakar 1926/27, domin kaɗan ya rage ta faɗa rukuni na biyu. Babu wanda ya sa ta cikin lissafin masu lashe gasa a shekara mai zuwa. Amma Dean ya fara kakar da cin ƙwallo a wasa bayan wasa, kuma a watan Oktoba ya ci dukkan ƙwallo biyar da Everton ta zura wa Manchester United. Ba shi kaɗai yake aikin ba. 'Yan gefe biyu, Alec Troup ta hagu da Ted Critchley ta dama, sun laƙanci yadda yake son a ɗago masa ƙwallo, musamman Troup, ɗan Sikotland gajere, wanda ke aiko da ita a hankali ta rataya a sama har Dean ya iso.

Da hunturu ya yi nisa, Everton ta shiga wani yanayi na rashin nasara, ƙwallayen Dean ma suka ragu. Ana saura wasa tara yana da 43, wato yana buƙatar 17 kafin ya wuce Camsell. Ana saura wasa uku yana da 51. Ya ci biyu a ragar Aston Villa, ya je Burnley ya ci huɗu, amma ya fita daga wasan da ciwon cinya. A makon da ya rage, mai kula da lafiyar 'yan wasan Everton, Harry Cooke, ya tare a gidansa yana yi masa gashi da sauya ɗauri dare da rana, har ya iya taka ƙafar.

Abokiyar karawa a ranar ƙarshe ita ce Arsenal ta Herbert Chapman, kuma ranar ce tsohon gwarzonta Charlie Buchan ke yin wasansa na bankwana. Arsenal ce ta fara ci. Dean ya rama da ka nan take, sannan cikin 'yan mintoci aka kayar da shi a da'irar gida, ya buga fenareti ta shiga, ya kamo Camsell a 59. Daga nan ƙwallo ta ƙi. Fiye da sa'a guda 'yan bayan Arsenal suna manne da shi, 'yan kallo suna duban agogo. Ana saura kimanin minti takwas Everton ta sami bugun kusurwa, Troup ya ɗago, Dean ya tashi sama da kowa ya sa kai. An tashi wasan 3 da 3, amma ba wanda ya damu da sakamakon.

Ya ci ƙwallo 60 ɗin ne a wasa 39 daga cikin 42 na gasar. Everton gaba ɗaya ta ci 102, ke nan fiye da rabi daga ƙafarsa da kansa suka fito. Masu cewa sauyin doka ne ya ba shi wannan adadi suna da hujja, amma rabin gaskiya suka faɗa. Dokar ta shafi kowane ɗan gaba a Ingila, kuma wanda ya fi kusantarsa a rukuni na ɗaya shi ne Tom Waring na Aston Villa, da ƙwallo 49 a 1930/31. Jimmy Greaves ya tsaya a 41 a 1960/61. Erling Haaland, wanda ya kafa tarihin gasar Firimiya a 2022/23, ya ci 36. Doka ta buɗe ƙofa ga kowa, mutum guda ne ya kai 60.

6.0 Faɗuwa da Tashi: 1930 zuwa 1933

Shekara biyu kacal bayan wannan ɗaukaka, Everton ta ƙare a ƙarshen teburi a 1929/30, ta faɗa rukuni na biyu a karo na farko a tarihinta. Raunuka sun hana Dean wasanni da dama a wannan kaka. Bai bar ƙungiyar ba, kuma ko da ya so, ba shi da ikon tafiya sai da yardarta. Abin da ya biyo baya shi ne shekaru uku da magoya bayan Everton ke tunawa har yau.

A 1930/31 Everton ta lashe rukuni na biyu da ƙwallo 121, Dean ya ci 39. A 1931/32 ta dawo rukuni na ɗaya ta lashe shi kai tsaye da ƙwallo 116, Dean, wanda yanzu shi ne kyaftin, ya ci 45. A ranar 29 ga Afrilu, 1933, ta doke Manchester City da 3 da nema a wasan ƙarshe na Kofin FA a filin Wembley da ke Landan. Jimmy Stein ne ya fara ci, Dean ya ƙara, Jimmy Dunn ya rufe. A wannan wasa ne aka fara sanya lamba a rigunan 'yan wasa a wasan ƙarshe na kofin: 'yan Everton suka ɗauki 1 zuwa 11, 'yan City 12 zuwa 22. Dean ya sa lamba 9, lambar da daga baya ta zama tambarin ɗan wasan gaba na tsakiya.

Waɗannan nasarori sun zo ne a lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye. Tashoshin jiragen ruwa na Mersey sun yi tsit, dubban magidanta ba su da aiki, har aka yi tarzomar marasa aikin yi a Birkenhead, garin haihuwarsa, a watan Satumba na 1932. Ga mutumin da ya wuni a bakin tasha bai sami aikin yini ba, sule guda na shiga fili ranar Asabar ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma filin ya ci gaba da cika. Jama'a na ganin Dean nasu ne, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa da ke magana irin tasu, mai barkwanci, wanda suke haɗuwa da shi a titi. Ya sha duka daga 'yan baya a zamanin da alƙalan wasa ba sa kare ɗan gaba, an yi masa tiyata sau da dama, amma ba a taɓa korarsa daga fili ba, ba a kuma taɓa rubuta sunansa don gargaɗi ba.

A ɓangaren ƙasa kuwa rabonsa bai kai na ƙungiya ba. Yana cikin 'yan wasan da Sikotland ta lallasa da 5 da 1 a Wembley a watan Maris na 1928. Kwamitin da ke zaɓen 'yan wasan Ingila yakan sauya su yadda ya ga dama, don haka wasansa na ƙarshe ya zo a 1932, yana ɗan shekara 25. Ya tashi da ƙwallo 18 a wasa 16. Bai taɓa buga gasar cin kofin duniya ba, domin Ingila ta fice daga hukumar FIFA a 1928, ba ta kuma halarci gasar ba sai a 1950.

7.0 Albashi da Matsayin Ɗan Wasa

A duk tsawon waɗannan shekaru, albashin Dean bai wuce fam 8 a mako ba lokacin wasa, da fam 6 lokacin hutu. Wannan shi ne iyakar abin da dokar hukumar gasa ta yarda a biya kowane ɗan wasa, gwani ko ɗan koyo. Akwai ladan fam 2 idan an yi nasara, da fam 1 idan an yi kunnen doki, sai kuma wani kuɗin sallama da ƙungiya kan bayar, in ta ga dama, bayan hidimar shekara biyar. Idan aka gwada da ma'aikacin masana'anta, kuɗin ba laifi, domin ya ninka nasa fiye da sau biyu. Sai dai ma'aikaci na iya yin aiki shekara arba'in, ɗan wasa kuwa da wuya ya wuce goma sha biyar.

Bayan ƙayyade albashi akwai tsarin riƙe ɗan wasa. Ko kwantiragi ya ƙare, rajistar ɗan wasa tana hannun ƙungiyarsa, ba zai iya yi wa wata wasa ba sai ta sayar da shi. Ke nan ba shi da bakin neman ƙari, ba shi da hanyar tafiya inda za a fi daraja shi. A shekarar 1927 wani gwarzo a Amurka, Babe Ruth na wasan besbol, shi ma ya kafa tarihi da adadin 60 a nasa wasan, kuma albashinsa a wannan shekara dala 70,000 ne. Dean, wanda ke cika filaye a duk inda Everton ta je, bai kai fam 500 a shekara ba ko an haɗa da lada.

8.0 Rabuwa da Everton

A 1936 Dean ya wuce adadin ƙwallo 352 da Steve Bloomer ya kafa a gasar Ingila. Amma jiki ya fara gajiya. A farkon 1937 Everton ta kawo wani yaro ɗan shekara 17 daga Burnley, Tommy Lawton, a kan fam 6,500. Dean ya san magajinsa ne aka kawo. Maimakon ya yi masa ƙyashi, sai ya ja shi a jiki, ya koya masa dabarun sa kai da tsayuwa a gaban raga, abin da Lawton ya riƙa ambatawa da godiya har tsufansa.

Dangantakarsa da sakataren ƙungiyar, Theo Kelly, ta yi tsami. A watan Maris na 1938 aka sayar da shi ga Notts County da ke rukuni na uku a kan fam 3,000, daidai kuɗin da aka saye shi shekara 13 da suka wuce. Ba a yi masa bikin bankwana ba. Ya bar Everton da ƙwallo 349 a wasa 399 na gasa, 383 idan aka haɗa dukkan gasanni, kuma sau 37 yana cin uku ko fiye a wasa guda. A shekarar da ta biyo baya Everton ta sake lashe gasa, Lawton ne kan gaba a cin ƙwallo.

A Notts County rauni bai bar shi ya yi abin kirki ba, wasa tara ya buga ya ci uku. A watan Janairu na 1939 ya tsallaka zuwa ƙasar Ailan ya shiga Sligo Rovers, inda jama'ar garin suka yi dafifi a tashar jirgin ƙasa don tarbarsa. Ya ci ƙwallo 10 a wasa 7 na gasa, ya kai su wasan ƙarshe na kofin ƙasar, Shelbourne ta doke su bayan an maimaita wasan. Ya koma Ingila ya shiga wata ƙaramar ƙungiya mai suna Hurst, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, wasansa ya ƙare ke nan.

9.0 Rayuwa Bayan Ƙwallo da Rasuwa

A lokacin yaƙi ya shiga soja, inda sana'arsa ta ƙuruciya ta yi masa rana, ya zama mai koyar da makanikanci a rundunar tankokin yaƙi. Bayan yaƙi ya riƙe wata mashaya mai suna Dublin Packet a birnin Chester na tsawon shekaru, mutane na zuwa daga nesa don su gan shi. Daga baya ya kama aiki a matsayin ƙaramin ma'aikaci mai kai-komo da kaya a kamfanin cacar ƙwallo na Littlewoods da ke Liverpool, kamfanin da ya yi arziki da wasan da shi Dean ya taimaka wajen ɗaukakawa.

Yana raye ya ga tsarin da ya ɗaure shi ya rushe. A 1961 ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta tilasta aka soke dokar ƙayyade albashi, nan da nan Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. A 1963 kotu ta yanke hukunci a shari'ar George Eastham cewa tsarin riƙe ɗan wasa ya saɓa wa 'yancin neman abinci. Ga Dean duk wannan ya zo a makare. Sai a 1964, shekara 26 bayan tafiyarsa, Everton ta shirya masa wasan karramawa a Goodison Park. Fiye da mutum 34,000 suka halarta, aka tara masa kimanin fam 7,000.

Matarsa, wadda ya aura a 1931 suka haifi 'ya'ya huɗu, ta rasu a 1974. A 1976 aka yanke masa ƙafar dama saboda daskarewar jini, ya koma kan keken guragu. A ranar 1 ga Maris, 1980, aka kai shi Goodison Park don kallon wasan Everton da Liverpool, karawar da shi kansa ya ci ƙwallo 19 a cikinta a zamaninsa. Kafin wasan ya ci abincin rana tare da Bill Shankly, tsohon mai horar da Liverpool, wanda ya yabe shi a gaban jama'a. A filin ne ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu yana da shekara 73. An yi addu'ar jana'izarsa a cocin St James da ke titin Laird, titin da aka haife shi.

10.0 Kammalawa

A shekarar 2001 aka kafa mutum-mutuminsa a wajen Goodison Park, a 2002 kuma aka sanya shi cikin rukunin farko na gwarazan da gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila ya karrama. Wasu daga cikin adadin da ya kafa an wuce su: Arthur Rowley ya fi shi yawan ƙwallaye a gasar Ingila, Jimmy Greaves ya fi shi a rukuni na ɗaya, Ian Rush ya fi shi a karawar Everton da Liverpool. Sittin ɗin nan dai tana nan, kuma da yake an rage wasannin babbar gasa daga 42 zuwa 38, dabarun tsaron gida kuma sun ƙara tsauri, kamo ta sai ƙara wuya yake yi.

Rayuwar Dean ta nuna cewa bajinta a fagen wasa tana da lokacinta da yanayinta. Ya zo a daidai lokacin da dokar fili ta sassauta wa ɗan wasan gaba, ya ci moriyarta fiye da kowa. Ya kuma zo shekara talatin kafin dokar aiki ta sassauta wa ɗan wasa, don haka dukiyar da ƙafarsa da kansa suka tara ta tafi aljihun wasu. Mutanen bakin kogin Mersey, waɗanda suka riƙa biyan sule guda don su kalle shi a shekarun yunwa, su ne suka riƙe sunansa bayan ƙungiyar ta sallame shi, kuma jikokinsu ne ke ajiye furanni a gindin mutum-mutuminsa a yau.